Uku Aka Kai, Biyar Aka Dawo da Su

Wanda ya san unguwar Jarwal ta Makka a yau, da dogayen benayenta da masaukan alhazai, ba zai yarda ba idan na ce masa a nan raƙuma ke durƙusawa. To, a nan suke durƙusawa. Na iso Makka 'yan shekaru kaɗan bayan yaƙin Turawa na biyu, ina da shekara ashirin da 'yan kai, bayan tafiyar da ta ci mana shekara shida daga ƙauyenmu na ƙasar Gumel. Mun yi tsinkar auduga a Sudan, na yi wankau a Sawakin, sannan muka haye teku a wani kwalekwale da ba na son tunawa. Mijina bai ga Ka'aba ba. Zazzaɓi ya kayar da shi a gaɓar teku, can aka binne shi. Na shigo garin ni kaɗai, da ƙunshin kayana da kaskon suya.

Hausawa, waɗanda mutanen garin ke kira Takari, suna zaune a gefen dutse cikin bukkokin da aka harhaɗa da buhu da garwar kananzir da aka fasa aka miƙar. Wata mata 'yar Damagaram ta ba ni kusurwar ɗakinta. Kafin mako ya zagayo na kafa murhuna a bakin wani lungu, daidai inda bukkokinmu suka ƙare gidajen dutse suka fara. Da safe in soya ƙosai, da yamma in sayar da gyaɗa.

Zaman wurin nan ya koya mini garin fiye da duk wanda ya taɓa yi mini bayani. Da gari ya waye ayarin Jidda zai shigo, raƙuma a jere an ɗaure wannan a jelar wancan, mahajjata na lilo cikin akwatunan katako da aka rataya a gefe biyu, duk sun galabaita saboda jijjiga. Bayansu Larabawan daji da itace da gawayi da ciyawar da aka kitsa kamar igiya. Sai jakunan da aka yi wa lalle a ƙafa, aka aske musu gashi da zane-zane, suna tafe suna kaɗa ƙararrawa, sun fi masu su ado nesa ba kusa ba. Ga mai dafaffen wake da tulunsa na tagulla, ga awakin da ba su bar takarda ba balle ɓawon kankana. Motoci sun fara yawa a lokacin, kuma duk wadda ta wuce sai ta zuba mini ƙura a cikin mai, ni kuma in raka ta da abin da ya sawwaƙa daga bakina. A sama tagogin katako ne masu ƙananan huda. Ba ka ganin kowa, amma ka san ana ganinka, don daga nan matan gidajen ke zuro kwando da igiya in saka musu ƙosai. Idan aka kira salla, masu sanda za su bi kasuwa suna bubbuga ƙofofi, kowa ya yafa tsumma a kan kayansa ya tafi masallaci, ba kulle ba mai gadi.

Wannan yafa tsumman ya fi komai ba ni tsoro. Tun a Sawakin aka cika mana kunne cewa a Makka ko buhu ka gani a yashe a hanya kada ka taɓa shi ko da yatsan ƙafa, don hannu ake yankewa. Na ɗauki maganar na haɗiye ta ɗungurungum. Shi ya sa ranar da na ga wani mutum mai farar riga ya tsaya a ƙofar gidan da ke kallon murhuna, ya sunkuya ya ɗauki wani katako da aka ajiye a dokin ƙofa da curin ƙullu a kai, ya ɗora a ka ya yi gaba abinsa, sai da na dafe ƙirji.

Akwai wani dattijo Bakatsine, ɗan garuwa, wanda ya shekara talatin yana raba ruwa a gidajen lungun, har kafaɗarsa ta yi kanta. Baba nake ce masa. Yana zuwa na tare shi.

"Baba, ka ga abin da na gani kuwa? Rana tsaka, a gaban mutane!"

Ya sauke garwarsa yana dariya. "Ba sata ba ce, 'yata, al'adar garin ce. Gidan da babu namiji, matar za ta kwaɓa ƙullun gurasarta ta ajiye a ƙofa. Duk namijin da ya fara wucewa, attajiri ne ko ɗan dako, shi zai kai furun, gidan gashi ke nan. In ta gasu a dawo da ita, a ƙwanƙwasa, a wuce. Ba a tambaya, ba a jiran godiya."

Na ce lallai garin nan da abin mamaki yake. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan, ni kuma na ɗauka na gama sanin komai.

Mai gidan nan da ke kallon murhuna wata tsohuwa ce. Mutanen lungu suna ce mata Buhariyya, don a wurinsu duk wanda ya fito daga wancan ɓangaren duniya mutumin Buhara ne, kamar yadda mu duka muka zama Takari, da Bahaushe da Babarbare da Bafulatani. Mijinta maɗinkin huluna ne, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Takan ɗinka hula jefi-jefi da ɗan ganin da ya rage mata, kuma da wannan take sayen garin alkama. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Hannunta kawai nake gani kullum da hantsi, fari sol, duk jijiyoyi, ya turo katakon waje ya koma.

Mai suyar ƙosai idonta ya saba da ƙirga, ko ba ta so. Wata safiya na lura curi uku ne a katakon. Ranar Baba ne ya fara wucewa, shi ya ɗauka. Da ya dawo, ina ɗaga kai na ga gurasa biyar a jere suna tururi. Abin da ya zo mini kawai shi ne mai furun ya haɗa da ta wasu, masu ita za su biyo sawu, a tsinci kayan mutane a gidan baiwar Allah.

"Baba, tsaya! An yi kuskure. Uku ka kai, biyar ka dawo da su!"

Ya juyo ya zare mini ido. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, sai na zaci bai ji ba ne. Na miƙe tsaye da matsamin ƙosai a hannu, na maimaita da gurgun Larabcina, da ƙarfi, don mai gidan ma ta ji ta tsira.

"Talata! Talata bas, uku kawai! Biyun nan na wasu ne, a mayar kafin a ce tsohuwa ta yi sata!"

Akwai mutum biyar ko shida a gaban murhuna, duk suka kawar da kai. Wani kwando da aka fara zurowa daga sama ya tsaya a tsakiyar hanya, sannan aka janye shi. Baba ya ajiye katakon a dokin ƙofa, bai ko ƙwanƙwasa ba. Ƙofar ta buɗe kaɗan. Hannun nan ya fito ya ɗauki gurasa ɗaya, ya koma, ya sake fitowa ya ɗauki ta biyu, sannan ta uku. Aka rufe ƙofa. Biyun suka zauna a rana har azahar, ba wanda ya taɓa su, sai wata akuya ce ta zo ta yi gaba da su.

Da la'asar Baba ya zo ya tsuguna kusa da ni. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Kin zaci mai furun bai iya ƙirga ba ne? Shekara uku ke nan yana ƙara mata biyu daga nasa. Duk lungun nan an sani. Wanda ya ɗauko ba ya duba katakon, ita kuma ba ta tambaya. Yanzu ki gaya mini, gobe da wane ido za ta turo katakon nan waje?"

Washegari ba ta turo ba. Jibi ma haka. Da farko haushi na ji, har ina faɗa wa 'yar Damagaram cewa laifinsu ne, me ya hana a gaya mini tun farko? Amma ina faɗa ina jin maganar ba ta zauna ba. Ai mu ma a gida mun san rufin asiri. Uwata takan kai wa maƙwabciyarmu hatsi a ƙarƙashin kayan wanki, kuma ban taɓa jin ta ambata ba. Na san wannan tun ina yarinya, tsoro ne ya cinye mini shi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kullum ina zaune ina fuskantar rufaffiyar ƙofar nan daga safe har yamma.

Maƙwabta suka yi ta aika mata da kwanon abinci, tana mayarwa yadda aka kai shi. Na aika da ƙosai, ya dawo ko ɗaya ba a taɓa ba. Baba ne kaɗai ke shiga, saboda ruwa. A kwana na shida ya ce mini murhunta ya yi sanyi, busassun gutsattsarin gurasa take jiƙawa a ruwa, su ma sun kusa ƙarewa. Ya ce, "Irin mutanen nan na san su. Za ta mutu a zaune da mayafinta a gyare, ba za ta buɗe ƙofar nan ba." Na san idan hakan ta faru, ni na kashe ta, da bakina.

Ba dabara ce ta sa na sayi garin alkama ba. Niyyata in yi gurasa da hannuna in kai mata, ko za ta karɓi abin da ba na mai furun ba. Sai dai ni 'yar ƙauye ce, tuwo da fura na sani, gurasa sai dai in gan ta a tallar birni. Na kwaɓa yadda hankalina ya ba ni, Baba ya kai furun, ya dawo mini da wasu abubuwa guda huɗu masu nauyi, yana kawar da kai don kada in ga dariyarsa. Na gwada gutsura, haƙorina ya ce bai san zancen ba. Ina zaune ina kallonsu, takaici ya ishe ni, sai kawai na kwashe su da ragowar garin na tsallaka lungun na buga ƙofarta.

Na daɗe a tsaye kafin in ji motsi. Na kira ta da hala, wato inna, yadda ake kiran manyan mata a garin.

"Hala, ni ce mai ƙosai. Ba abinci na kawo ba. Ki duba mini abin nan don Allah, ki gaya mini inda na ɓata."

Ƙofar ta buɗe. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, idanunta kalar toka, tana dafe da bango don kada ta faɗi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta karɓi guda ɗaya ta juya ta, ta ƙwanƙwasa ta a jikin ƙofa. Ta yi ƙara kamar an buga ludayi.

"Wa ya koya miki wulaƙanta alkama haka?" in ji ta. Larabcinta ma gurgu ne, bai fi nawa da yawa ba. "Shigo, ya binti, 'yata. Wanke hannunki."

Ranar ta nuna mini yadda ake ajiye tsohon ƙullu don ya tayar da sabo, da yadda ake murzawa da tudun hannu ba da yatsu ba. Da muka gama ta gindaya sharaɗinta tana kallon bango: garin nawa ne, koyarwar tata ce, saboda haka gurasa rabi da rabi, har ranar da zan iya. Na ce na yarda. Ta jera curin a katakonta, ta ɗauko wani farin ƙyalle ta rufe su ruf, ta ce in turo waje. Daga ranar ba a sake ganin katakon nan a buɗe ba.

Haka muka shiga yi kullum bayan na sauke kasko. Ƙullu yana son a jira shi, kuma a wannan jiran ne muka san juna. Ita ba ta fita, sai ta ce in ba ta labarin abin da ya wuce a hanya yau. In gaya mata raƙumin da ya ƙi tashi a tsakiyar kasuwa, da faɗan mai gawayi da direba. Rannan na kira ta Buhariyya a cikin zance, sai ta ɗaga mini yatsa.

"Ban taɓa ganin Buhara ba. Ni 'yar Odesa ce, a bakin Baƙin Teku. Mu Tatar ne, Musulmi, 'yan kaɗan a cikin garin."

Na ce, "Ni ma ban san wani gari Takari ba, Hala. 'Yar Gumel ce ni." Ranar na fara jin dariyarta.

Daga nan kullum sai ta biya ni labarina da nata. Ta ce titunansu shimfiɗe suke da duwatsu, idan keken doki ya wuce tun daga nesa ake jin kofato. Akwai wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin tsakiyar titi yana buga ƙararrawa, mutane na tsalle suna hawa yana cikin tafiya, mai karɓar kuɗi na zaginsu. Akwai matattakalar dutse mai faɗi da ta gangara daga gari har tashar jiragen ruwa, idan ka tsaya a samanta kana ganin 'yan dako na ɗaukar buhunan alkama kamar tururuwa. A kowace kusurwa akwai tsohuwa zaune da buhun 'ya'yan wani fure mai bin rana, tana aunawa da kofi, gari duka ana tafe ana ɓarewa ana tofar da ɓawon. Ta dube ni ta ce, "Kamar ke da gyaɗarki. Su ma bakinsu ba ya shiru."

Gidajensu, in ji ta, kewaye suke da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya a tsakiya, igiyoyin shanya daga baranda zuwa baranda, matan Yahudawa da na Girka da na Rasha suna faɗa ta taga a kan kyanwar da ta saci kifi. Idan bazararsu ta shigo, itatuwan bakin titi su yi farin fure, ƙamshi ya cika gari har cikin ɗaki. Da sanyi kuwa mai shara zai fito da sassafe yana kankare ƙanƙara daga ƙofar gida yana watsa toka don kada mutane su zame. Nan na ce mata a'a, Hala, wannan kam kin ƙara gishiri. Muna zaune gumi na ɗiga daga haɓarmu, tana rantse mini cewa ta ga bakin teku ya daskare har ana tafiya a kai.

Sau ɗaya tak ta ba ni labarin abin da ya fitar da su. Ta ce an yi shekarun tashin hankali, sannan yunwa ta biyo baya. Jirgin titi ya tsaya, aka sare itatuwan bakin hanya aka hura wuta, mutane suka riƙa kwana a layin gurasa. Mahaifinta yana da kantin yadi a wani babban titi. Wata rana ta fito ta gan shi tsaye a gaban rufaffen kantin nasa, da hularsa a hannu, ya miƙa ta ga masu wucewa. Ya gan ta, ta gan shi. Ba su taɓa yin zancen ba har ya mutu. Ta faɗi wannan tana shafa ƙyallen da ke kan katako, sannan ta ce in duba ko ƙullu ya tashi.

Yau idan na ji an ambaci garin nan a rediyo, a ƙasar da ake kira Yukren, sai in ji kamar an ambaci wani wuri da na taɓa zama. Ban san ko titunan suna nan yadda ta bar su ba. Ita ma ba ta sani ba, kuma ina jin shi ya sa take son ta faɗe su ga wani, ko da mai ƙosai ce 'yar Gumel.

Sai dai akwai matsala. Hannuna ba na wasa ba ne, cikin 'yan watanni na iya gurasa sarai, kuma sharaɗinmu ya ce har ranar da zan iya. Saboda haka na shiga ɓatawa da gangan. Yau in cika ruwa, gobe in manta gishiri, ita kuma ta yi ta faɗa tana gyarawa, tana cewa ba ta taɓa ganin kai mai tauri irin nawa ba. Wata safiya hankalina ya tafi wani wuri, hannuna ya manta da ƙaryar da yake yi. Kafin in farga ƙullu ya haɗu sumul, ya yi laushi, ba abin da za a ce a gyara. Ta miƙo yatsa ta danna shi, ya taso ya cike gurbin.

Tsoro ya kama ni, kuma kamar kullum idan na tsorata, bakina ya riga ni.

"Hala, ranar nan da na yi ihu a lungu, ina jin ni ce na yi kuskuren ƙirga. Wataƙila biyar ɗin kika ajiye."

Ta goge yatsanta a zaninta. "Uku na ajiye. Shekara uku ina ajiye uku ina ɗaukar biyar. Kin zaci ban iya ƙirga ba ne? Da harshe huɗu na iya ƙirga, ya binti. Ba ki gaya mini abin da ban sani ba. Sani daban, a faɗa maka a gaban mutane daban."

Hawaye suka zubo mini. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, zan kuma gaya mata gaskiyar ƙullun nan, don a lokacin ji nake idan ban faɗa ba zan fashe. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Kul. Kin iya tun watan Rajab, ina gani. Rufe bakinki sau ɗaya a rayuwarki." Ta turo mini kofin ruwa da ƙafarta. "Ƙullun nan ya yi tauri. Ƙara masa ruwa."

Na ɗauki kofin na tuttula ruwa har ƙullun ya caɓe, ita kuma ta ja tsaki ta naɗe hannun rigarta ta hau gyarawa tana faɗa. Shekara huɗu muka ƙara tare kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma duk shekara huɗun nan ban iya gurasa ba.